Ƙauyen da intanet ɗinsa ke ɗaukewa da ƙarfe bakwai na safe

Duk mai mota ya san wannan ciwon kan. Tun daga gida mota ke ƙara, ana isa gareji sai ta yi tsit. Bakanike ya zagaya da ita ya dawo ya ce, "Alhaji, ni fa ban ji komai ba." Ka biya kuɗin dubawa, kana karya kwana ƙarar ta dawo. Injiniyoyin layin tarho a Birtaniya suna da irin tasu motar, wato layin intanet da ke ɗaukewa yana dawowa da kansa. Layin da ya mutu murus ba ya ba su wuya, gwaji ɗaya ke nuna inda ya tsinke. Wanda ke sa su furfura shi ne mai lafiya a gaban likita.

Aberhosan ƙaramin ƙauye ne a cikin tuddan gundumar Powys ta yankin Wales, kusa da garin Machynlleth. Wata 18 cur mutanen ƙauyen suka yi suna kuka da abu ɗaya: kullum da ƙarfe 7 na safe intanet ya ɗauke, ko ya yi sanyin da ba a iya komai da shi. A watan Satumba na 2020 kamfanin Openreach, mai kula da layukan tarho a Birtaniya, ya sanar cewa an gano dalili, kuma dalilin ya ba duniya dariya. Kafin a kai ga dariyar, yana da kyau a ga yadda aka yi safiya fiye da 500 ana laluben abu guda.

Wayar da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta

Wanda ya riski zamanin NITEL zai tuna tarhon tebur da siririyar wayar da ke saukowa daga falwaya zuwa gida. Wannan wayar ce dai har yanzu ke kai intanet gidaje da dama a ƙauyukan Birtaniya. Silin jan ƙarfe ne guda biyu da aka murɗa su da juna kamar tufkar igiya, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista tun 1881. An yi ta ne don muryar mutum, wadda ba ta buƙatar fiye da kilohaz 4, wato kaɗawa sau dubu huɗu a daƙiƙa. Da intanet ya zo, sai aka ga akwai fili a saman muryar, aka cusa shi a can. Tsarin ADSL yana amfani da zango har zuwa megahaz 1.1, wato wajen kilohaz 1100, ƙaninsa ADSL2+ kuma har megahaz 2.2. Ana yanka wannan fili ƙananan layuka, kowanne faɗinsa kilohaz 4.3 da ɗoriya, guda 256 a tsarin farko, 512 a na biyu, kowane layi ya ɗauki ɗan abin da zai iya na saƙo.

Mai sauraron rediyo zai lura da wani abu a nan. Matsakaicin zango yana farawa daga wajen kilohaz 530 ya kai wajen 1600, wato intanet ɗin wayar tarho da tashoshin rediyo a unguwa ɗaya suke zaune. Duk abin da zai sa rediyonka ya kama shuuu idan an jona wata cajar waya mai araha ko an kunna inbata, zai iya shiga layin intanet ma. Abin da ke kare layin shi ne murɗin nan. Hayaniyar da ta faɗo daga waje tana shiga silin biyu daidai wa daida, na'urar da ke karɓar saƙo kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai take karantawa, sai hayaniyar ta kashe kanta. Kariyar na aiki muddin silin biyu sun daidaita kuma hayaniyar ba ta wuce kima ba.

Ga kuma nisa. Sigina na raguwa da tsawon waya, idan aka doshi kilomita biyar daga tashar tarho abin da ke isowa raɗa ce kawai. Layin ƙauye dogo ne, yawancinsa kuma a sama yake rataye a falwaya, ya zama eriya ba tare da an nufa ba. Mai raɗa a gefen maƙera ba a jin sa.

Matakan da aka saba bi

Openreach reshen kamfanin sadarwa na BT ne da aka kafa a 2006, shi ke kula da wayoyi da falwayoyi da akwatunan bakin titi. Mai gida ba ya kiran sa kai tsaye. Kamfanin da ya sayar masa da intanet yake kai wa ƙara, su kuma su gwada layin daga ofis, sannan su nemi a tura injiniya. Iyakar Openreach ita ce babban soket ɗin da waya ta fara shiga a gida. Idan aka tarar matsalar tana bayan wannan soket, a wayoyin cikin gida ko kayan mai gida, shi zai biya kuɗin zuwan. Don haka tun kafin kowa ya zo akan ce masa ya kwance fuskar soket ɗin ya jona na'urarsa a ramin gwaji da ke ciki, wanda ke cire duk wayoyin gidan daga lissafi. Akan kuma ce ya buga 17070 ya zaɓi gwajin shiru, ya kasa kunne. Layi mai lafiya tsit za a ji shi. Idan ana jin ƙas-ƙas kamar ana suyar ƙosai, akwai mahaɗar da ta lalace a wani wuri.

Mahaɗa mai tsatsa ita ce uwar matsalolin da ke zuwa suna tafiya. Tsakanin gida da tasha, waya kan bi ta mahaɗai da yawa, a kan falwaya, a cikin rami, a cikin akwati. Ruwa ya shiga ɗaya, ƙarfe ya fara cin kansa, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. Ya fi muni a wuraren da aka shimfiɗa wayar alminiyam a shekarun 1960 da 1970 lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, don alminiyam na saurin rubewa yana karyewa. Irin wannan mahaɗa tana da hali. Da damina ta tashi, da rani ta kwanta. Iska ta kaɗa wayar ta motsa. Abin haushin ma, layin tarho na ɗauke da wutar da ta kai bolt 50, kuma ƙarar kira ko wutar na'urar gwaji kan iya huda tsatsar ta ɗinke mahaɗar na ɗan lokaci. Injiniya ya zo, gwajin da ya yi da hannunsa ya warkar da ciwon, ya rubuta cewa layi lafiya lau, bayan kwana biyu a koma gidan jiya.

Don kama irin wannan akwai na'urar da ke aiki da amsa-kuwwa. Takan harba ɗan bugun wuta a cikin waya, duk inda ya ci karo da tsinkewa ko jiƙa ko mahaɗa mara kyau sai wani sashensa ya dawo. Bugun na tafiyar kimanin mita 200 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Idan amsar ta dawo bayan kashi biyar, tafiya da dawowa mita 1000 ke nan, to matsalar na nan a mita 500. Injiniya ya buɗe taswira ya ƙirga falwaya. Gogaggu a cikinsu kan bar na'urar a jone, ɗaya na kallon allo, ɗaya na can yana girgiza waya ko yana ƙwanƙwasa akwati, a ga ko zanen zai yi tsalle. Suna auna ko silin biyu sun daidaita, suna duba ko reshen bishiya ya goge rigar waya, suna cire wayar ƙararrawa ta tsofaffin gidaje, wani sili na uku da ba shi da abokin murɗi, wanda ke kwaso hayaniya ya zuba a layi.

A Aberhosan an yi ta zuwa ana gwaji, sakamako na nuna komai daidai. Har aka kai ga sauya manyan sassan kebul ɗin da ke shiga ƙauyen, aiki mai cin kuɗi da lokaci. Washegari da ƙarfe 7 intanet ya ɗauke.

Ban ga laifin wanda ya fara zargin kebul ba. Idan ƙauye guda na kuka tare, hankali zai tafi kan abin da suka yi tarayya a kansa, kuma kebul ne. Inda nake ganin an yi jinkiri shi ne wajen sauraron agogo. Tsatsa ba ta san ƙarfe bakwai ba, haka ruwan sama da iska. Abin da ke faruwa a minti ɗaya kullum, ko dai na'ura ce mai saitin lokaci, kamar tukunyar ɗumama gida ko fitilar titi, ko kuma ɗan Adam ne mai al'ada. Sannan bisa tsarin da aka saba, ziyarar injiniya ta safe daga ƙarfe 8 take farawa zuwa 1 na rana. Duk wanda aka turo, ya iso ne bayan ɓarawo ya gama ya tafi, ya auna layi mai lafiya da na'ura mai gaskiya.

Hayaniyar da ba a ji da kunne

Masu wannan sana'a sun raba hayaniyar lantarki gida-gida, biyu ne suka fi shahara. Akwai wadda suke kira REIN, ƙananan bugu masu maimaita kansu, galibi sau 100 a daƙiƙa a ƙasashen da wutarsu ke juyawa sau 50. Tana fitowa daga kayan da sashen wutarsu ya fara lalacewa, kamar caja, fitilun ado, akwatin tauraron ɗan Adam. Muddin abin na kunne tana nan. Akwai kuma SHINE, bugu guda mai ƙarfi da ke zuwa lokacin kunna wani abu ko kashe shi. Layin intanet na da dabarar gyara ƙananan kurakurai, yana barbaza saƙo ta yadda ɗan gajeren bugu ba zai cinye shi duka ba. Amma idan bugun ya zarce kashi 10 cikin 1000 na daƙiƙa, ya fi ƙarfin gyara, sai na'urar gida da ta tasha su saki hannun juna.

Mai karatu zai iya tambaya, bugun da bai kai ƙiftawar ido ba, ta yaya zai ɓata wa mutane yini? Amsar na cikin yadda layin ke kare kansa. Duk lokacin da na'urorin biyu za su sake haɗuwa, sai sun auna hayaniyar da ke kan kowane ɗan layi, su yanke gudun da za su iya, su bar rarar kariya, wato tazarar da sigina ya ba hayaniya, yawanci desibel 6. Idan sun yi wannan awon ana tsakiyar hayaniya, za su daidaita a kan gudu kaɗan, kuma a nan za su zauna ko bayan hayaniyar ta wuce. Sannan akwai kwamfutar da ke sa ido a kan kowane layi. Ta ga yana yawan faɗuwa, sai ta ɗaga rarar zuwa 9, zuwa 12, har 15, kowane ɗagi na cin wani abu daga gudun. Niyyarta alheri ce, tana sayen kwanciyar hankali da sauri. Ga mai gida kuwa, abin da ya gani shi ne intanet ɗin da ya ɗauke da safe ya dawo yana jan ƙafa har dare.

Ba kasafai injiniyan farko ke neman wannan hayaniya ba, don tana wajen waya, aikinsa kuma waya ne. Kayan farautarta ma daban ne. Mafi sauƙinsu rediyo ne mai batir, a murɗa shi zuwa wajen kilohaz 612 a matsakaicin zango inda babu tasha, a riƙa yawo da shi. Ƙugi na ƙaruwa, kana matsowa. Idan ana zargin cikin gida ne, sai a kashe babban makunnin wutar gidan a ji ko ƙugin zai yanke, sannan a riƙa mayar da layukan wuta ɗaya bayan ɗaya har mai laifi ya yi magana. Babbar yayar rediyon ita ce na'urar tantance zango, mai zana duk abin da ke yawo a iska a kan allo, kowane zango da tsayin ƙarfinsa, a haɗa ta da eriyar da ke nuna ɓangaren da abin ya fi ƙarfi.

Safiyar da aka yi kwanton ɓauna

Injiniyan yankin, Michael Jones, shi ya ƙi haƙura. Da dabaru suka ƙare sai ya nemi taimakon tawagar ofishin babban injiniyan kamfanin, waɗanda ke zaune a wasu sassan Birtaniya, don a gwada zato na ƙarshe, ko SHINE ce. Lokacin kullen korona ne, masauki ya yi wuya. Daga bisani suka samu wani gidan baƙi mai fili kusa da Llandrindod Wells, suka kafa tanti suka kwana, da asuba suka yi tafiyar mil 55 zuwa ƙauyen.

Ƙarfe 6 na safe ta same su suna kai da kawowa a cikin Aberhosan da na'urar tantance zango, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Awa guda babu abin a zo a gani. Wannan awar tana da amfaninta, don sai ka san yadda shirun wuri yake kafin ka gane baƙon sauti. Bakwai na bugawa allon ya yi tsalle, wani babban bugun hayaniyar lantarki ya bayyana. Suka bi sawunsa har ƙofar wani gida.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Tsohuwar talabijin ce, ta hannu. Kullum da ƙarfe 7 mai gidan ya kunna ta, ita kuma ta kwashe wa ƙauye intanet. Jones ya ce da aka faɗa wa mutanen gidan kunya ta rufe su, nan take suka yarda su kashe ta ba za su sake kunnawa ba. Kamfanin bai bayyana sunansu ba, kuma ya kyauta, don zama a ƙaramin ƙauye bayan an san kai ne ka hana kowa sakat shekara ɗaya da rabi ba ƙaramin abu ba ne.

Tsofaffin talabijin masu ƙeya suna da abubuwan da ke sa su zama maƙwabtan banza ga layin tarho. Lokacin kunnawa suna zuƙar wuta mai yawa a bugu ɗaya. A cikinsu akwai sashen da ke kaɗawa sau 15,625 a daƙiƙa don zana layukan hoto, da wani mai ɗaga wuta zuwa dubban bolt, kuma irin wannan kaɗawa tana haifar da 'ya'ya a zanguna na sama, har cikin unguwar intanet. Masu ƙera su sun sa abubuwan tace hayaniya, amma waɗannan na tsufa suna bushewa, talabijin kuwa ta ci gaba da nuna hoto garau, mai ita bai san komai ba. Hayaniyar ta bi wayar wutar gida ta fita, wayoyin lantarkin unguwa su watsa ta, wayoyin tarhon da ke rataye kusa su kwashe.

Abin da ya rage bayan dariya

Akwai wani gefen labarin da ba a cika kula da shi ba. An warware matsalar Aberhosan ne saboda mutanen gidan masu kirki ne. Injiniyan Openreach ba shi da ikon kutsawa gidan wani, balle ya kashe masa kaya. Iyakarsa ya ƙwanƙwasa ƙofa ya yi bayani ya roƙa. Da sun ce talabijin tasu ce kuma ba mai raba su da ita, da zancen ya koma doguwar hanya, wataƙila har gaban Ofcom, hukumar da ke kula da sadarwa da zangon iska a ƙasar. Injiniyan da ke farautar hayaniya yana buƙatar laushin harshe kamar yadda yake buƙatar na'ura, don ƙarshen aikinsa a bakin ƙofar wanda bai kira shi ba yake, yana gaya masa cewa kayansa ne ke cutar maƙwabta.

Suzanne Rutherford, wadda ke jagorantar tawagar babban injiniya a Wales a lokacin, ta ja hankalin jama'a cewa irin wannan ba baƙon abu ba ne kamar yadda ake zato. Duk abin da ke da kayan lantarki a cikinsa, daga fitilar waje zuwa na'urar ɗumama abinci zuwa kyamarar tsaro, zai iya taɓa intanet. Shawararta ita ce a tabbatar kayan da ake saye sun cika ƙa'idar ƙasar.

Ga mai layin da ke wannan hali, abin da ya fi taimakon injiniya takarda ce da biro. A rubuta ranar da ya ɗauke, da minti, da yanayin gari, da abin da aka kunna a gida a lokacin, a tambayi maƙwabci ko nasa ma ya ɗauke. Na'urar intanet ta gida ma tana ajiye tarihin faɗuwarta da lokutansu, da yawan kurakurai, da rarar kariyar da ta rage. Faɗuwar da ke bin ruwan sama tana nuna mahaɗa. Wadda ke bin iska tana nuna wayar sama. Idan tana zuwa ne duk lokacin da tarho ya yi ƙara, a duba matatar da ke raba murya da intanet ko wata mahaɗa mai tsatsa. Raguwar da ke somawa bayan magariba sau da yawa tashoshin rediyon nesa ne, waɗanda dare ke kawo su kusa, abin da duk mai kama tashar waje a matsakaicin zango ya sani. Wadda ke bin agogo kuwa, a nemi wanda ke tashi a wannan lokacin.

Lokacin da aka ba da sanarwar, Openreach ya ce kafin ƙarshen shekarar za a kai wa Aberhosan layin zaren gilashi, a ƙarƙashin aikin da yake yi da gwamnatin Wales na faɗaɗa intanet a karkara. Zaren gilashi haske yake ɗauka, hayaniyar lantarki ba ta da ƙofar shiga cikinsa, ko da talabijin goma aka kunna a gefensa. Shi ma yana da nasa ciwon: lanƙwasa mai tsanani, ƙura a bakin mahaɗa, ɓera, da mai haƙa rami da bai duba taswira ba. Na'urar neman ciwon nasa ma 'yar gidan amsa-kuwwar nan ce, sai dai ita haske take harbawa ta jira ya dawo.